Tsintsiyata da Ciyawar Ɗan Fari

Abin da ba zan taɓa mantawa ba, har ranar da za a lulluɓe ni, shi ne zuwana Tanout shirin auren jikata Rakiya. Tun biki da sauran nisa na taso daga ƙauyenmu na wajen Belbeji, na sauka gidan ɗana na fari (sunansa dai ba ya fita bakina).

Ina shiga, me zan gani? Rabin tsakar gida shimfiɗe da ƙaiƙayin gero da yankakken kara da busasshen kashin awaki, jiƙe sharkaf. Ga shi kashegari gwaggonnin ango za su kawo kayan aure. Na dubi surukata Hadiza, na haɗiye magana.

Da safe masu gida suka fita kasuwa, ni kuwa na ci ɗamara. Na share, na kankare, na kwashe ƙaiƙayin na zuba wa awakin maƙwabta. 'Yan korayen tsirran da na tarar a ƙarƙashi ma na tuge su, don aikina ke nan a gonar gero tun ban san ɗaurin zane ba. Kaji suka shigo suna ta tsince-tsince, na bar su.

Masu gida da baƙi tare suka iso. Na tare su da fara'a, na ce, "Ku shigo, yau gidan ya zama gida. Yaran yanzu tsintsiya nauyi take musu."

Hadiza ta sauke kwando, ta ce a hankali, "Inna, gazon ne fa. Irin ciyawa Baban Rakiya ya shuka, don baƙi su zauna kan kore ran biki. Ƙaiƙayin nan bargonsa ne, yana riƙe laima, yana kare shi daga rana da kaji."

Ciyawa, jama'a. Abar da na ƙarar da ƙuruciyata ina nomewa, ita aka shuka, aka lulluɓe kamar jinjiri, ana ba ta ruwan famfo, ba ma don akuya ta ci ba? Wata gwaggo ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ɗana kuwa kaji kawai yake kallo.

A kan tabarmi aka yi bikin, bisa rairayi, kamar na kowa. Rakiya ta daɗe ba ta yi mini wasan jika ba.

Har yau ban ga laifin tsafta ba. Amma yanzu in na je gidan 'ya'ya, ko toka na gani a bakin ƙofa, sai na tambaya tukuna: "Wannan ma shuka ce?"