Na Ga Haihuwar Gwamnati a Bakin Kwalbati

Jama'a, ku taya ni jaje. Ranar Laraba na saɓa sabuwar shaddata na nufi garin Babban Duhu sunan jikan ƙanwata, amma na dawo gida kamar wanda ya yini yasar rijiya.

Daga tashar Batsari muka tashi a ƙaramar bas. Mai ya yi tsada, don haka direba ya jera mu kamar kifin gwangwani. Ni aka matse ni tsakanin maƙwabtana biyu da ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, Alhaji Mati mai hatsi da Yusha'u tela. Muna cikin tafiya muka tarar ruwan sama ya cinye rabin kwalbati. Kwalbatin nan tsohon sani ne. Kowane zaɓe sai an aza masa harsashi, har allunan kwangilar da aka kakkafa a gefensa sun isa a yi gada da su.

Muka sauka muka yi cirko-cirko. Alhaji Mati ya dubi buhunan masararsa da ke saman mota, ya ce da ni, "Ka gani ko, Malam? Gwamnati ce mai sayar da taki, ita ce mai rabon shinkafa, ita ce mai shirya gasar kokawa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle goma. Ni so nake ta zama maigadi kawai. Ta tsare rai, ta tsare dukiya, in mutum biyu sun yi rigima alƙali ya raba. Sauran ta bar wa kasuwa, ta cire hannu daga aljihuna."

Yusha'u ya yi tsaki. "Haba Alhaji! Maigadin da ka miƙa wa bindiga ka shiga ɗaki, gobe shi ne maigida. Kura ko 'yar ƙarama ce ba a ba ta ajiyar nama. A sallame shi gaba ɗaya. Wa ya haƙa rijiyar unguwarmu? Wa ke nome gonar marar lafiya in ba gayya ba? Mu iya wa kanmu ne."

A cikin fasinja akwai Malam Nu'uman, mai koyarwa a wata sakandare a Safana. Ya ce ai wannan gardama tsohuwa ce, har suna gare ta a littafi. Irin Alhaji su ne 'yan libatariya, irin Yusha'u kuma 'yan anaki. Ni na ɗauka sunayen magungunan tari ne. Ya ce dukansu ba sa son a taka musu 'yanci, inda suka rabu shi ne na farko yana so a rage wa gwamnati tsawo ta dawo maigadi da alƙali, na biyu yana so a rufe shagon a jefa makulli a rijiya. Ya ƙara da cewa 'yan'uwan Yusha'u da yawa ba su ma yarda mutum ɗaya ya tara hatsin gari a sito ba. Alhaji ya matsa kusa da buhunansa.

Gwaggo Fanta, wata dattijuwa mai ɗauke da kwaryar daddawa, ita ta katse karatun. "'Ya'yan nan, la'asar na matsowa, kun kuwa san ba a yin yamma a hanyar nan. Ko ku ɗauko duwatsu, ko ku tsaya masu daji su zo su raba muku gardama."

Nan da nan muka naɗe riguna. Ni da na ce ba zan taɓa laka ba, sai ga ni a cikinta har gwiwa. Wani ƙato mai suna Ubale ya fito daga ƙauyen da ke kusa da abokansa, suka kawo katako suka shimfiɗa a kan duwatsun. Yusha'u baki har kunne. "Alhaji, ina shugaba a nan? Ina haraji? Hannu da yawa maganin ƙazamar miya!"

Bai rufe baki ba Ubale ya ja igiya ya tare hanya, ya ce duk mai wucewa sai ya biya.

Alhaji ya gyaɗa kai. "Daidai ne. Katakonsa ne, guminsa ne. Ciniki ke nan."

Ubale ya ce kowane buhu fasinja ne.

"Kai, wannan zalunci ne!" in ji Alhaji. "Wai ba hukuma ne a ƙasar nan?"

Yusha'u ya matso ya ce, "Bawan Allah, duwatsun nan tare muka tara su. Wa ya naɗa ka?"

Ubale ya ce, "Igiya."

Wallahi jama'a a gaban idona aka haifi gwamnati. Ko shayi bai isa tafasa ba ta samu shugaba da iyaka da haraji.

Ana cikin haka muka ji rugugin babura da yawa daga yamma. Duk wanda ke da dangi a wajen Ruma ya san abin da wannan ƙara ke zuwa da shi. Gwaggo Fanta ta fara salati. Ubale da majalisarsa suka faɗa gonar gero, suka bar igiya a ɗaure. Ni da Yusha'u muka haɗu a ƙarƙashin kwalbati, ruwa har ƙugu. Ya riƙo hannuna, ya raɗa mini, "Malam, ba ka da lambar jami'an tsaro?"

Allah ya yi ba masu daji ba ne. 'Yan rakiya ne. Bayansu sai ga jerin motoci masu baƙin gilashi, sai ga babban ɗan siyasar yankinmu, Mai Girma Garkuwan Alƙawura, Allah ya ƙara wa hularsa tsawo, ya zo duba ɓarnar ruwa. Maigadin da Alhaji yake nema kuwa ashe yana nan, mota guda cike, da bindigogi masu sheƙi. Sai dai mutum ɗaya suke gadi.

Mai Girma ya dubi duwatsunmu da katakon Ubale, ya yaba da wannan aikin gaggawa da ofishinsa ya kammala cikin lokaci. Aka nemi ƙyallen yankawa babu, sai aka ba shi almakashi ya yanke igiyar Ubale. Aka ɗauki hoto. Motocinsa suka fara wucewa, kamar yadda ladabi ya tanada, ta ƙarshe ta karya katakon ta watsa duwatsun.

Muka sake sabon lale. Wannan karon Alhaji da Yusha'u dutse ɗaya suka ɗauka. Mun isa lafiya, sai dai an riga an watse, ƙashin rago kawai na tarar.

A hanyar dawowa na yi ta juya maganar. Alhaji na son gwamnati 'yar ƙarama mai gadi, Yusha'u na son a yi babu. Shugabanninmu masu adalci ba su so ɗayansu ya yi fushi ba, sai suka ba mu wadda ranar karɓa ta fi giwa, ranar tsaro kuwa ko ƙurarta ba ka gani.

In kun ga hoton bikin buɗe kwalbatin, ni ne na gefen hagu mai laka har gemu, ina tafi. Kada ku zarge ni. Mai bindiga ne a bayana, kuma shi ya fara.