Ranar da Cemplon Ta Yi wa Likitan Usur Karza

"Shekara ashirin da biyu na yi a kantin magani," in ji Pak Wagimin, yana gyara ɗaurin zanensa a kan tumbi. "Babu cutar da za ta gifta ta gabana ban gane ta ba."

Shekarun kam ya yi su. Abin da ba ya ƙarasa faɗa shi ne, a bakin ƙofa ya yi su, yana hura usur yana jera baburan masu sayayya. Shi ya sa a unguwarmu ta gefen garin Klaten ake ce masa Likitan Usur, shi kuwa ya ɗauka yabo ne. Cuta ɗaya ya sani a duniya: iska ta shiga jiki. Magani ma ɗaya: a shafa man zafi a baya, a karza da kwandala har layuka su fito jajur, a bi da farasitamol biyu. In ka karye a ƙafa, iska ce. In haƙorinka ya rube, iskar ce dai ta bi ta baki.

To, sai Cemplon ta kwanta. Kyanwar matarsa ce, Bu Lastri, shekara goma sha ɗaya suna tare tun da 'ya'ya suka watse birni. Kwana uku ba ta ci ba ta sha, ta koma kamar tsumman goge tebur. Likitar dabbobi ta ce ƙoda ce, ta ba da wasu ƙwayoyi ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, rabi a rana. Ta kuma ja kunne: kada maganin mutane ya kusance ta. Farasitamol ɗaya ya isa ya kashe kyanwa, man zafi ma guba ne in ta lasa. Bu Lastri har maganin likitar tsoronsa take ji, sai da ta buga waya sau huɗu tana tambaya ko rabin bai yi yawa ba.

Pak Wagimin ya taɓe baki, ya ce yarinyar da aka haifa jiya ce za ta koya masa aiki? Kowa ya ga kyanwar nan ya san a kan siminti ta kwana, iska ta shige ta.

Ranar Alhamis dole ta kama Bu Lastri ta kai kayan miyarta kasuwa. Ta dafa kifi ba gishiri, ta dunƙule 'yar loma, ta tura rabin ƙwayar a ciki, ta ajiye a faranti.

"Pak, aikinka ɗaya ne. In ta ɗaga kai, ka miƙa mata farantin nan. Ban ce ka yi tunani ba."

Ƙafarta na fita, tunani ya kama shi. Ya buɗe kabad ɗin magani, wayam. Bu Lastri ta kwashe komai ta zuba a jakar kasuwa, har filasta. Ya leƙa katanga wajen tsohuwar maƙwabciyarsu, Mbah Ponirah, ya roƙi aron man zafi, wai bayansa ke ciwo. Tsohuwa ta ce Bu Lastri ta bi gida bakwai jiya ta gargaɗi kowa, in kuma bayansa ne, ya tsallako ta karza masa da kanta. Sai ya ce ai ya ji sauƙi.

Bai haƙura ba. Ya ɗebo man kwakwa a kicin, ya tuɓe riga kada ta ɓaci, ya tsoma tsohuwar kwandalarsa a ciki, ya durƙusa gaban kujerar da Cemplon ke kwance.

"Yi haƙuri, 'yar gidan Bu. Layi shida kawai, za ki yi gyatsa ki miƙe."

Kwandala ta sha mai, ta suɓuce, ta gangara ƙarƙashin kabad. Likitan Usur ya kifa ciki yana laluba, ɗuwawunsa ya ture kujerar. Cemplon, wadda kwana uku ko wutsiya ba ta motsa ba, ta faɗo a kan kafaɗunsa, ta kafa farce don kada ta zame. Ta zame ɗin kuwa, a hankali, tun daga wuya har ƙugu. Sannan ta taka ta sha ruwa.

Da ya gama ihu, sai yunwa ta taso masa. Ya ga lomar kifi a faranti, ya jefa baki.

Bu Lastri ta dawo ta tarar da faranti fes, kwanon ruwa ya ragu, har hawaye ta yi. Pak Wagimin ya buɗe ƙirji ya ce ganin kwandala kawai ya kori iskar, da ya karza ma da yanzu tana kan rufi. Ya ƙara da cewa, af, kifin yau ta manta gishiri, kuma akwai ɗan ɗaci a tsakiya.

Ta dube shi, ta dubi farantin. Ta ɗauko kwando da makullin babur.

A asibitin dabbobi Cemplon aka fara dubawa, shi yana layi tsakanin wani zomo da agwagwa. Likita ta ce shan ruwan alama ce mai kyau, ta ba kyanwa rabin ƙwayarta da hannunta, ta ce a ci gaba a haka. Sannan ta juyo, cikin ladabi ta tambayi nauyin Bapak, wato maigidan. Da ta ji kilo tamanin da tara, ta ce maganin kyanwa mai kilo uku ba zai yi masa komai ba, amma yakushin bayansa kam sai ya je asibitin mutane an yi masa allura. Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyu a harkar magani ya tambaya, da 'yar siririyar murya, ko babu na sha.

Da suka iso gida, riga ba ta sawuwa don zogi. Mbah Ponirah na zaune a ƙofa, ta ƙura wa bayansa ido.

"Kai, Min, wa ya yi maka karzar nan? Layi takwas, a miƙe, jajur. Shekara sittin ina yi, hannuna bai taɓa faɗawa haka ba."

"Cemplon ce, Mbah," in ji Bu Lastri, tana shafa kan kyanwar a kwando. "Ita ko kwandala ba ta buƙata. Ta duba shi ta ga iska ta yi masa yawa."