Rasuwar Balaraba, Fijon Malam Nasidi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta sallama don ba ta da yadda za ta yi, Malam Nasidi Direba na Tungar Wakili, can bayan Banga, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk wanda ya taɓa sa kafaɗa ya tura mota a hanyar Ƙaura, rasuwar abokiyar fafutukarsa Balaraba, Fijo a-kori-kura, fara a ƙuruciya, launin ƙasa a tsufa. Ta cika a ƙofar gida, gindin dogonyaro, bayan doguwar jinyar tiyon birki.

Ranar Laraba ta shigo gidan, shi ya sa aka raɗa mata sunan. Marigayiya mai haƙuri ce, ba a taɓa ɗora mata kaya ta ce ya yi yawa ba. Ta kai gero Shinkafi, ta kwaso taki daga Ƙaura, ta kai amare Zurmi da gadajensu da kwanoninsu, ta maido wasu da ciki. Da safe takan yi tarinta na tsofaffi, kyar-kyar-kyar, sannan ta ce gurum, kajin unguwa su watse. Tun da hanya ta lalace direbobin gari suka daina shigowa tunga ko da za a biya su ninki, ita kaɗai ta rage tana shiga tana fita. Ba ta taɓa kwanar da mai ita a daji ba, kuma a wannan zamani wannan shaida ta isa.

Ciwon ajalinta ya faro ne da ɗigo. Tiyon robar da ke kai man birki ga tayar baya ya tsage, Malam Nasidi ya yi mata maganin da kowane direban ƙauye ya sani: ya cire tiyon, ya toshe bututun da ƙusa, ya ce ai sauran ƙafafun sun isa. Da man birki ya yi wuyar samu ya kaɗa ruwan sabulu ya ɗura mata, ta sha ba ta yi ƙorafi ba. Haka aka bi ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya ana toshewa, har ya zama tayar gaba ta hagu kaɗai ke kamawa. In ya taka birki sai ta ce tsiii, ta karkace gefe kamar mai rusunawa surukai. Birkin hannu kuwa ya riga ta gidan gaskiya tun tuni, dutse ke riƙe muƙaminsa.

Mai makoki yana so jama'a su shaida bai yi sakaci da nema mata magani ba. Da tiyon ƙarshe ya fashe, ya kwance shi, ya sa a aljihu, ya hau bayan babur. A Ƙaura masu kayan mota suka jujjuya shi suka ce irinsa ya ƙare tare da zamaninsa, ya gwada masu matsa tiyon tarakta da gireda. Zakariyya mai matsa tiyo ya auna ya ce robar akwai, kan ƙarfen da ake murɗawa ne babu. A Zurmi aka samu kai, amma na tarakta ne, ƙato, ko kusa bai shiga ba. A Shinkafi wani mai matsa tiyo, Alamin, ya ce masa dabarar tsofaffin motoci ɗaya ce, a yanke tsofaffin kawunan a matsa su a jikin sabuwar roba. Kai na farko ya zauna daram. Na biyu tsatsa ta riga ta cinye shi ta ciki, injin na matsawa ya dare gida biyu.

Alamin ya share hannu ya ce, "Ba komai, Malam. Ai mota ba tiyo guda gare ta ba. Kawo ɗaya cikin waɗanda ka cire, mu ɗauki kai nai."

Amma ina! A Tungar Wakili ba a yar da roba mai kyau. Tiyo ɗaya tuni ya zama mariƙin bokitin gidan, wani ya tafi gyaran famfon feshin maƙwabci, kawunan ƙarfen kuwa an yanke an zuba wa mai sayen gwangwani tun bara. Malam Nasidi ya dawo gida da sabon tiyo mai kai ɗaya, ya rataye shi a madubin marigayiya, yana nan har yau.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne zuciyarta lafiya lau. Yanzu haka in ya murɗa makulli za ta yi tarinta ta tashi. Tafiya za ta yi, tsayawa ce ba za ta yi ba, ga shi hanyar fita tunga ɗaya ce, gangaren nan mai kwana da ke faɗawa cikin rafi. Ya sha zama a kujerarta yana lissafin sauka da giya ɗaya, ya ga dutsen kwanar a ransa, ya kashe ta ya fito.

Ta rasu ta bar mai ita, da safaya mai faci a kan faci, da jak na aro wanda mai shi ya gaji da tambaya. Ta kuma bar Inna, mahaifiyar Malam Nasidi, wadda ɓarin jikinta ya shanye, ba ta iya zaman babur. Duk ranar da aka ce a gudu daji kowa na gudu, ban da ita, ban da ɗanta da ke zama a bakin ɗakinta. Ya yi mata alkawarin kai ta gidan 'yarta Rahma a Ƙaura kafin ruwa ya sauka rafi ya rufe hanya. Amalanke na nan, amma shanun da za su ja ta an daɗe da kore su. Inna ta sa an ɗaure mata ƙunshin kayanta an ajiye a bakin ƙofa. Da yake shi ɗan fari ne ba ta kama sunansa, kullum in ya shiga gaishe ta sai ta ce, "Mai mota, yau za mu?" Shi kuma ya ce, "Sai dai gobe, Inna." Wallahi kunyar wannan amsa ta fi masa rashin motar ciwo.

Game da jana'iza: ba za a yi wa marigayiya salla ba, ƙarfe ce, ba kuma za a kai ta ko'ina ba, tunda ba mai iya sauko da ita gangare. Za ta kwanta inda ta cika, dutse a gaban kowace taya. Ana roƙon masu yankan ƙarfe su dakata da taya gawa. Wanda ke da tsohon tiyon birkin Fijo a ƙasan akwati, ko ya fashe, in dai kansa na nan, ya taho da shi a madadin goro. Masu ta'aziyya su hanzarta, don hadari ya fara haɗowa daga gabas, in rafi ya kawo sai kaka. Duk lokacin da suka zo za su iske mai makoki a gida, da shi da Inna, babu inda za su.