Rigar da Inna ta zaɓo mini a Shinkafi

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙawata Hajara a Ƙaura ba, ko da na tsufa haƙora sun zube. Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, muna zaune a Zurmi ni da Innata.

Ana saura kwana uku biki, Inna ta dawo daga kasuwar Shinkafi da wata riga da ta tsinto wurin masu gwanjo. Ruwan hoda ce, ga santsi, ga leshi a wuya da hannu. Ta ce, "Ɗiyata, ba ki shiga cikin 'yan birni da tsohuwar atamfa." Wallahi har ƙwalla na yi. (Mu da tsohon zane muke kwanciya a gidanmu, ina muka san akwai rigar da aikinta barci kawai?)

Ranar walima na zuba ta, na kafa ɗauri, na sha kwalli. Ina shiga gidan bikin na sauke mayafi kafaɗa don kowa ya gani. Aka kuwa gani! 'Yan mata sai taɓa juna suke, ni kuma ina ƙara yanga, a zatona kwalliyar ce ta tafi da su. Har cikin hoton amarya na kutsa, sahun gaba.

Sai gwaggon Hajara ta kamo hannuna, ta ja ni ɗakinta. "Yarinya, wa ya sai miki wannan?" Na ce Innata, ina washe baki. Sai ta ce a hankali, "Innarki ta iya zaɓe. Sai dai rigar barci ce, ba a fita da ita." Innalillahi! Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta ara mini abayarta, na ƙarasa bikin a bayan ƙyaure.

Da na koma gida na iske Inna bakin murhu. Ko zama ban yi ba ta ce, "To, mi sunka ce?" Fuskar nan tata fal murna. Na ce, "Inna, gwaggon amarya da bakinta ta ce kin iya zaɓe." Ranar har maƙwabta sai da suka ji labari.

Har Allah ya karɓi ranta ban faɗa mata sauran maganar ba. Yanzu kam ko ɗankwali aka ba ni sai na tambayi aikinsa. Amma kunyar ranar, gara da ni kaɗai na sha ta.