Rasuwar Jar Fitilar Motar Baba

Da zuciya cike da baƙin ciki, da gajiyar da barci ya kasa ɗauke mini, ni Milcho ɗan marigayi Doncho, a madadin mahaifiyata Nedyalka, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar 'yar jar fitilarmu, wadda ke ci a gaban hoton Waliyyi Nikola cikin motarmu. Ta cika ranar Juma'a da ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe, ana yayyafi, a garejin gwajin hayaki da ke bakin hanyar Lovech. Shekarunta goma sha ɗaya.

Marigayiyar ba ta fi kan ɗan yatsa girma ba. Baba ne ya haɗa ta da hannunsa a shekarar da ya sayi motar. Ya ce fitilar gaban waliyyi ba ta bin makullin mota, ta ci in an kunna, ta ɗauke in an kashe. Ya yini kwance ƙarƙashin sitiyari har ya samo wata waya da wuta ba ta yankewa a cikinta dare da rana. Tun daga ranar ba ta rufe ido ba.

Mai haƙuri ce, ba ta da surutu. In mun faɗa rami sai ta ce kis-kis, ta yi shiru. Laifinta ɗaya ne, kuma ba zan ɓoye shi don ta rasu ba: tana shan batir. Ta binne guda uku. Saboda ita muke ajiye mota a kan gangara da hunturu. In za a canza batir kuwa, sai Baba ya jona sabon kafin ya cire tsohon, don kada ta ɗauke ko na ƙiftawar ido. Bayan rasuwarsa ni ma haka na ci gaba da yi.

Ga yadda jinyar ta kasance. Takardar motarmu ranar Juma'ar nan take ƙarewa, ba a sabunta ta sai an gwada hayaki, kuma da motar nake kai Mama wankin ƙoda sau uku a mako. Bas ba ta shigowa ƙauyenmu sai ranar kasuwa. A shekarun baya bututu kawai suke sokawa a salansa su sallame mu. Bana Kawu Tsanko, mai gwajin, ya ce sai ya jona kwamfutarsa a wata 'yar kafa da ke ƙarƙashin sitiyari, ta nan inji ke faɗin lafiyarsa. Ya jona. Kwamfuta ta yi tunaninta, ta ce ba ta ji kowa ba. Ya cire, ya hura kafar, ya mayar. Shiru. Ya ɗauko wata igiya, ita ma shiru. Muka zare fis ɗaya bayan ɗaya muna ɗaga su a haske, duk lafiyarsu lau. Masu jira a bayanmu suka fara danna ham.

"Ɗan Doncho, motarka kurma ce ko gaba take yi da ni?" in ji shi. "Ko ɗigon wuta babu a kafar nan."

Ya kwanta da tocila, dattijo da shi, yana nishi yana tsine wa gwiwarsa. Can sai ya kashe tocilar. Ya fito ya dubi fitilar, ya dube ni.

"Aikin ubanka ne wannan, na san ɗaurinsa. Ya yanke wayar kafar ya ba wa waliyyi. Waliyyi ya ƙoshi, kwamfutata na azumi."

Na ce, "Kawu, ba yadda za a yi a bar su su raba?"

"Da me? Wayar ta zama gari. Ko a mayar da ita inda take, ko ka tafi ba takarda. Zaɓi, mutane na jira."

Ni ba mai saurin magana ba ne. Na tsaya ina kallon fitilar, tana ci kamar ba da ita ake ba. Na tuna Litinin, da yadda ƙafafun Mama ke kumbura in wanki ya wuce ta. Na ce ya yanke. Na fita waje na tsaya cikin yayyafin don kada in gani.

Kwamfuta ta ji inji nan take. Hayaki ya fita lafiya, aka ba mu takarda. Kawu Tsanko ya gwada jona marigayiyar a wata wayar, amma ba ta tashi ba. Ya ce tsohuwar fitila in ta huce ba ta dawowa. Ya naɗe ta a takardar da ya ci burodi a kai, ya tura ta aljihun rigata, ya ɗaga wa na bayana hannu.

Kwana biyu ban gaya wa Mama ba. Ran Litinin ta shiga mota, ta gyara bargonta, ta daɗe tana duban gaban hoton. Sai da muka wuce gada ta ce, "An ba ka takardar?" Na ce an ba ni. Ta ce, "To, bi a hankali, titi da santsi." Har muka isa hannunta yana kan wurin da fitilar take a da.

Marigayiyar ta bar hoton waliyyi, wanda rana ta ɗan koɗar da shi, da batir na huɗu, wanda ban ga alamar yana makoki ba. Ta bar Mama, ta bar ni. An ce akwai irinta a kasuwa, masu batir ɗin kansu. Muna roƙon kada kowa ya kawo mana tukuna.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan an taso daga coci, a gefen kabarin Baba, wajen ƙafafu. Ba mu gaya wa limamin coci ba, kuma muna roƙon kada a gaya masa. Mama za ta dafa alkama da zuma. Mai buƙatar a ɗauke shi ya tsaya a bakin rijiya, akwai wurin mutum uku.

Jiya na buɗe takardar burodin don in goge marigayiyar kafin a sa ta a akwatin ashana. Ashe Kawu Tsanko bai warware ɗaurin Baba ba. Ya yanka wayar can sama da shi, can ƙasa da shi, ya bar murɗin yadda yake, da baƙin salatif ɗinsa da shatin babban yatsa a jiki. Hakan ya sa shi yin ƙari da sabuwar waya, kwance a kan siminti mai sanyi, ana danna masa ham. Bai faɗa mini ba. Ni kuma ranar na karɓi takardata na tafi, ko sannu ban ce masa ba.