Sanarwar Rasuwar Turai, Bindigar Iska

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Gidaɗo, mai aikin ƙarfe a Ras Al Khor, nake sanar da 'yan uwa mazauna Dubai rasuwar bindigata, Turai, ranar Talata bayan azahar, bayan jinyar da ta ci ƙarfina.

Marigayiyar ba ta san albarushi ba. Da iska take aiki, irin kakanninta na ƙasar Turai da aka ƙera fiye da shekaru ɗari biyu da suka wuce, abin da ya sa na raɗa mata sunan. Maigidana, Balarabe mai lasisin tara tsofaffin makamai, shi ya nuna mini hoto ya ce ko zan iya. Na ce masa kakana bindigar toka yake ƙerawa a Gombe, zan gwada. Da magagari na goge bututunta, mai faɗin da babban yatsa ke shiga. Tulun iskarta kuwa a ƙota yake, sai an yi ta buga famfo har kafaɗa ta sage kafin ya cika.

An shaide ta da haƙuri da kawaici. Ba hayaƙi, ba wari. A filin gwaji, iyakar maganarta "tuf", sai ka ga rami a katako.

Da korona ta zo aka sallami abokan aikina duka, ni kaɗai aka bari don in kammala ta kafin bajekolin kayan farauta. Maigida ya ce idan ta burge baƙi zai sabunta mini biza, har in ɗauko matata Hadijatu. Na riga na faɗa wa Hadijatu. Ta riga ta sayi akwati.

Ciwon ya fara ne da wani siririn "sssss" daga ƙota. Na canja fatar da ke toshe iskar, na shafa mai, na kara kunne kamar mai sauraron numfashin jariri. Moussa, ɗan kasuwar Al Sabkha, ya samo mini fatar Damagaram, yana cewa ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ta samu sauƙi kwana biyu. Ranar Talata, a gaban maigida da baƙinsa, ina cikin buga famfo waldar tulun ta tsage. Ta yi dogon numfashi guda, ta yi shiru. Ba wanda ya ji rauni. Maigida ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Khalas," wato shi ke nan, ya shiga motarsa.

Ta rasu ta bar famfo ɗaya, da gwangwanin harsasan darma marayu, da ni, wanda bizarsa ke ƙarewa ƙarshen wata, da Hadijatu, wadda ke kirana ina kasa ɗagawa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a bayan shago. An ce sai an yanka bututun gida uku kafin masu sayen tsohon ƙarfe su karɓe ta, kuma ni aka miƙa wa zarton. Zaman makoki a ɗakinmu na Deira, gadon sama, kusa da taga. Masu zuwa ta'aziyya, don Allah kada ku wahala da dabino. Duk wanda ya san mai neman maƙeri, ya zo da lambar wayarsa.