Rasuwar Teburin da Malama Ta Haɗa da Hannunta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tafin hannu mai cike da sartse, Malama, tsohuwar shugabar makarantar firamare da ke zaune a gidan ƙarshe na layi, a madadin kanta da 'ya'yanta uku, tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar teburinta na katako. Ya cika ranar Asabar da ta wuce, da misalin ƙarfe biyu da rabi na rana, a tsakiyar falo, a gaban iyali baki ɗaya, yana ɗauke da abincin mutum tara. Ya bar duniya yana da kwana goma sha tara, bayan an shafe wata huɗu ana fama da shi kafin ya tsaya da ƙafafunsa.

Marigayin ɗan asali ne. Katakai shida ne masu kauri, da sauran ɓawonsu a gefe, waɗanda maigidan Malama ya sayo shekara takwas da suka wuce, a watan da ya yi ritaya daga ma'aikatar ruwa. Tare da su ya shigo da kwalaye uku: zarto mai aiki da lantarki, da injin huda katako, da injin goge shi. Ya ce zai haɗa dogon teburi irin na gargajiya, mai nauyi, wanda ake ganin jijiyar icen a jikinsa, ba irin na kanti mai ƙyalli da ruɓaɓɓen ciki ba. Burinsa shi ne duk ranar da yara suka zo da iyalansu, kada a ga kowa da faranti a kan cinya. Ya buɗe kwalayen, ya karanta takardun ciki da tabarau a kan hanci, ya kunna zarton sau ɗaya. Zarton ya ce wiiiii. Maigida ya kashe shi da sauri, ya ce bari damina ta wuce tukuna. Damina shida ta wuce katakan suna jingine a sito. Shekara biyu da suka wuce shi ma ya riga mu gidan gaskiya, kuma sanarwar rasuwarsa ba ta kai rabin wannan tsawo ba, domin a lokacin Malama ba ta da bakin magana.

Da ba don ɓeraye ba, da har yau katakan suna nan. Auta, wadda ma'aikaciyar jinya ce kuma ita kaɗai ta rage a gida tare da mahaifiyarta, ita ce ta matsa a kwashe tarkacen sito. Aka kira kafintan bakin layi ya zo ya ɗauki abin da zai yi masa amfani. Yana ɗaga katako na farko, Malama ta hango rubutun fensir a bayansa: layuka, da lambobi, da ɗan zanen teburi a gefe, duk da rubutun nan mai kwanciya da ta sani shekara arba'in.

"Ajiye," in ji ta.

"Mama, kin ce in kwashe," in ji kafinta.

"Na ce, yanzu kuma na ce ajiye. Ni zan haɗa shi."

Kafinta ya dubi Auta, Auta ta dubi silin. Daga wannan rana marigayi ya kama hanyar zuwa duniya.

Ya kamata a shaida wa masu gaisuwa cewa Malama ba ta taɓa buga ƙusa a bango ba sai ta lanƙwashe. Malaminta a wannan aiki wani mutum ne a cikin waya, wanda ke haɗa teburi cikin minti goma sha biyu yana murmushi, rigarsa ko ƙura ba ta yi. Ta kalle shi ya fi sau talatin, har ta tsane shi kamar ta san shi. A wurinsa zarto tafiya yake kamar wuƙa a cikin sabulu. A barandar Malama kuwa, ranar farko zarton ya ciji katako ya yi tsalle baya, ya bar ta tsaye da garin katako har cikin kunne. Layin da ta yanka ya tashi daga inda aka zana ya tafi yawonsa. Injin huda ya fasa katako biyu kafin ta gane cewa sai an fara yin ƙaramin rami kafin a ɗaura sukuru, abin da mutumin waya bai ga dalilin faɗa ba. Injin gogewa ya kwashe kwana uku yana zzzzz a hannunta, har ya kasance in ta ɗauki kofin shayi sai ya riƙa rawa. Sau biyu wuta ta ɗauke zarto yana tsakiyar katako. Sau ɗaya ta yanke wayar zarton da zarton kansa.

Ga shi katakan sun gaji da jira. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to waɗannan sun tanƙwara kansu tun a sito, kowanne ya zaɓi alƙiblarsa. In ta danne wannan gefe, wancan ya ɗaga kai. Matar da ta shekara talatin da biyu tana sa yara ɗari shida su yi layi da kallo ɗaya, sai ga katako shida sun ƙi yi mata layi. Maƙwabta sun shaida cewa sun ji ta tana yi musu faɗa da irin muryar da take yi wa 'yan makara.

Sai dai akwai abin da iyali suke ganin bai kamata a ɓoye ba, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Marigayi da ciwonsa aka haife shi. A cikin lambobin da maigida ya bari, ƙafa uku an rubuta musu tsawon santimita saba'in da biyar, ta huɗu kuwa saba'in da uku. Malama ta gani tun ranar farko. Mace ce da kuskure bai taɓa wuce jan bironta ba, har katin gayyata in an kawo mata sai ta gyara. Ta zauna da tef ɗin awo a hannu ta daɗe tana kallon wannan ukun. Ta ce wa kanta wataƙila ya san abin da yake yi, wataƙila daɓen falon ne ba daidai ba ya auna ya gani. Ta yanka a saba'in da uku.

Kafinta ya leƙo ranar da ake kafa ƙafafu. Ya zagaya marigayi sau biyu, ya girgiza shi da yatsa ɗaya, ya tsuguna ya duba ƙasansa.

"Mama, wa ya yi miki wannan awon? Ƙafar nan ta gaza. Kuma babu katakon da zai ɗaure ƙafafun ta ƙasa. Ko jaki sai da ɗamara yake ɗaukar kaya."

"Babu ɗamara a cikin zanen."

"To ai mai zanen ne bai iya ba."

Ta buɗe masa ƙofa kawai ta tsaya a gefe. Sai a waje Auta ta gaya masa ko wane ne mai zanen, ya dafe kai, ya kwana uku yana aiko da ban haƙuri. Malama ta karɓi haƙurin, ta ƙi ɗamarar.

Duk da haka, a ɗan zaman da ya yi, marigayi ya nuna halaye na gari. Mai kamun kai ne, sai mutum huɗu suke iya matsar da shi. Ƙamshinsa ya cika falo har ya kori warin rufaffen ɗaki da ya zauna tun bayan rasuwar maigida. Bai taɓa ɓatar da kayan kowa ba: biro, ko lemo, ko ƙwayar magani, duk abin da aka ajiye masa in dai mai gangarawa ne, an san kusurwar da za a same shi. Ya riƙe wa Malama rediyo da tabarau da kofin shayi ba tare da ƙorafi ba. Ya yarda Auta ta yi gugar kayan aikinta a kansa, da sharaɗin ta taka masa ƙafa ɗaya. Kowace safiya Malama kan shafa bayansa da tafin hannu in za ta wuce, ko da kuwa zai saka mata da sartse, kuma yakan saka. Ba mai yawan magana ba ne. In an jingina da shi yakan ce ƙiiƙ a hankali, kamar dattijon da ke neman a ba shi wuri.

Ciwon ajali ya fara bayyana a kwana na biyar, lokacin da ƙiiƙ ɗin ya fara fita ko ba a taɓa shi ba. Malama ta ninke kwali ta cusa ƙarƙashin gajeriyar ƙafar, ya samu sauƙi na kwana biyu. A kwana na sha ɗaya aka ji sabon sauti, ƙaƙas, daga kusurwar da ke kallon taga. Ta ɗauko injin huda ta ƙara masa sukuru huɗu. Washegari ta ƙara biyar. Kafin mako ya ƙare kusurwar nan tana ɗauke da sukuru goma sha huɗu, katakon ya tsage tsakaninsu kamar busasshen leɓe. Auta, wadda ta san kamannin mara lafiyar da ba zai tashi ba, ta ce a hankali, "Mama, ki bari a kira kafinta kafin su Yaya su zo." Malama ta ce asibiti daban, gidanta daban.

Ranar Asabar kowa ya hallara: babban ɗa da matarsa, ta tsakiya da mijinta, jikoki uku, Auta, da Malama a kan gaba. Karo na farko ke nan da suka taru su duka tun zaman makoki. An shimfiɗa farin ƙyalle, an jera farantai. Marigayi ya ɗauki tukunyar shinkafa, ya ce ƙiiƙ. Ya ɗauki ta miya, ya sake cewa ƙiiƙ. Babban ɗa ya ce aikin ya yi kyau, Baba da zai gani da ya ji daɗi. Malama ta miƙe don ta zuba wa surukinta abinci, ta dafa gefen teburin da hannu ɗaya. Iyali suna so a sani cewa ba laifin kowa ba ne, hannun da ya kawo shi duniya shi ya raka shi. Kalmominsa na ƙarshe su ne ƙiiiiƙ, ƙaƙas, sannan rim. Ƙafafun suka buɗe kamar na ɗan maraƙi a kan santsi, komai ya gangara kusurwar da aka saba.

Ba wanda ya ji rauni sai babban yatsan ƙafar babban ɗa. Ana jin miya tana ɗiga. Malama tana tsaye da ludayi a hannu, tana kallon wata huɗu na rayuwarta a ƙasa cikin shinkafa. Sai ta juya ta fuskanci hoton maigida da ke bango.

"Saba'in da uku!" in ji ta. "Shekara talatin kana auna bututu, ƙafar teburi ta gagare ka? Na gani, wallahi na gani, na yi shiru don kada in kunyata ka. Kai da ko kunna zarton ba ka iya ba, ka tafi ka bar ni da shi!"

Shekara biyu 'ya'yanta ba su ji ta ambace shi ba sai a cikin addu'a. Can ta tsakiya ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Mama, kin tuna kantar da ya kafa a kicin?" Babban ɗa, yana riƙe da yatsa, ya ce, "Wadda ta sauko da tangaran ɗin auren Mama?" Auta ta ce har yau ƙofar bayi sai an ɗaga ta take rufuwa, kuma kowa ya san wanda ya gyara ta. Dariya ta ɓarke. Malama ta zauna a kujera tana yi har da riƙe ciki, tana share ido da gefen ɗankwali, tana ƙara tono wasu ayyukan nasa da yaran ma ba su sani ba. Ta umarci a rubuta a nan cewa garin katako ne ya shiga mata ido. Abin da ya tsira daga abincin, a kan cinya aka ci shi.

Marigayi ya rasu ya bar ƙafa uku masu rai da ɗaya da ta riga shi, da katakai huɗu da likita bai yanke ƙauna da su ba. Ya bar zarto da injin huda da injin gogewa, waɗanda suka koma kwalayensu ba tare da nuna nadama ba. Ya bar rabin ledar sukuru, da baƙin farce a babban yatsan Malama, da garin katako a labule wanda wanki uku bai fitar ba. Ya kuma bar kujeru tara suna kewaye da fili, suna kallon juna.

Gawar tana kwance a baranda, an lulluɓe ta da tsohon zanen gado. Iyali suna godiya ga maƙwabciyar da ta nemi a ba ta ita ta hura wuta, suna kuma sanar da ita cewa a'a. Za a karɓi gaisuwa a gida har zuwa Juma'a. Masu zuwa su riƙe kofin shayinsu a hannu, domin babu inda za a ajiye. Duk wanda ya san "ai da kin sayi na kanti" ce a bakinsa, ya yi gaisuwarsa ta waya, kuma a taƙaice.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe, inda za a kwance marigayi sukuru bayan sukuru, a ware abin da ya mutu da abin da ya suma. Malama ta aika a gaya wa kafintan bakin layi ya zo da tef ɗinsa, ya bar "na gaya miki" a shago. Shi zai yi awo. Amma ta ce a ja masa kunne tun daga ƙofa: zarton, ita za ta riƙe.